Arzika Sarkin Loko

Tun da Arzika ya rasu bakin kowa ya yi zaƙi a kansa. Waɗanda ba su taɓa miƙa masa ko ludayin fura ba, yau su ne masu cewa bawan Allah ne, mai tsabta, mai kula da hanya. To, Allah ya jiƙansa, ni ma na ce amin. Amma ni Kulu na san shi tun yana ɗaure da walki, kuma don ya kwanta dama ba zan shafa wa abin da ya yi mana mai ba.

A wani rinji ya tashi can wajen Tsafe, bawa ɗan baiwa. Ubangijinsa ya riƙa haɗa shi da fatake yana ɗaukar musu gishiri da kanwa, har gammo ya cinye gashin tsakar kansa, wuyansa ya karkace hagu. Da Nasara suka ci ƙasa aka ce ba sauran kama bayi, sai wata rana ya dire kayan wani falke a tsakiyar hanya ya kama gabansa. Bai tsaya ba sai a kan turbarmu, wadda ta taso daga Bungudu ta nufi Gusau, inda tsamiyoyi suka yi gungu a bakin wani kwari. Nan ya kafa bukka. Ba mata, ba ɗa, ba ko akuya.

Wurin dama loko ne, wato inda masu kaya ke tsayawa su huta, amma loko ne na ƙazanta. Ƙarangiya har gwiwa, kashin jakai, ga maza sun mai da bayan itatuwan salga. In kin zauna sai kin toshe hanci. Arzika ya nome shi tas, ya share, ya kori masu tsuguno zuwa can ƙasan kwari, yana bin su da zagi kuwa, don bakinsa ba dama. Ya samo randa ya girke, kullum cike da ruwa. Da damina in ruwa ya ci turba, shi ke cike ramin da duwatsu da karan dawa. Ba wanda ya sa shi. Mu dai muna ajiye masa abin da ya sawwaƙa, wannan tafin gero, waccan curin fura, matan Filani su zuba masa nono a ƙoƙo.

Amma duk wannan ba shi ne abin ba. Abin shi ne rassan.

Wanda bai taɓa ɗaukar kaya a ka ba ba zai gane ba. Ni daga Furfuri nake tasowa da auduga ko gero zuwa kasuwar Gusau. Kayan da sai mutum biyu sun kama sun ɗora miki, ke kaɗai ba ki iya sauke su, in kuwa kika kuskura kika yar, ba ki iya ɗauka. Sai ki tsaya bakin hanya kina jiran wani ƙato ya zo ki roƙe shi, shi kuma yana ɗora miki yana leƙen abin da zane bai rufe ba. Arzika ya san wannan wahala a wuyansa. Sai ya riƙa ɗaura duwatsu da igiyar rama a jikin ƙananan rassan tsamiya, suna rinjayar su ƙasa a hankali, shekara da shekaru, har suka kwanta biyu-biyu daidai kan mutum. Ki zo da kayanki, ki tura su kan rassan, ki ɗan rusuna, ki zare kanki. Shi ke nan. Ki sha ruwa, ki miƙe ƙafa, in kin huta ki shiga ƙarƙashi ki ɗauke abinki ba tare da kin ce wa kowa don Allah ba. Akwai na dogaye, akwai na gajeru. Nawa na gajeru ne, ni da wata tsohuwa Saude daga Karakkai mai tallan tukwane, kullum sai mun yi faɗa a kansa. Inno, wata Bafilatana doguwa kamar gwangwala, ita kaɗai ke kai ga na can sama, har ake kiran sa reshen Inno.

Haka muka yi shekaru. Ranar kasuwa wurin nan ya fi dandali daɗi. A nan ake kitso, a nan ake jin wa ya haihu wa ya saki matarsa.

Sai shekarar da aka fara faɗaɗa hanya saboda mota. Aka ce Bature mai rangadi yana son wurin da zai riƙa tsayawa ya ci abincin rana, hakimi kuma ya turo baransa Garba ya dubo loko. Garban nan mutum ne da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi rawaninsa nauyi ba. Ya iso bisa doki yana taƙama, yana kallon mata, bai kalli gabansa ba, sai reshen Inno ya kwashe rawanin ya bar shi da ƙwaryar kai a waje. Muka yi dariya, ban ɓoye ba, ni na fi kowa. Ya sauka ya naɗe abinsa fuska a murtuke, ya zagaya wurin, sannan ya ce wurin yana da kyau amma ya yi ƙauyanci, dole a gyara. A jera duwatsu a shafa musu farar ƙasa, a ɗauke randa, kuma duk reshen da bai wuce rawanin mai doki ba a sare shi. Wai Bature ba ya son itace mai saukowa ƙasa. Ko a ina Baturen ya gaya masa haka, oho.

Aka kira mazan Furfuri da na Karakkai aikin hanya. Duwatsu sun jera, farar ƙasa sun shafa. Amma da aka zo kan sara, kowa ya ɓoye gatarinsa a bayansa. Wa zai ɗaga gatari ga tsamiya? Ko yaron goye ya san ba mu kaɗai ke shan inuwarta ba, tana da masu ita. Wani ya ce kawunsa ya sari tsamiya hannunsa ya shanye, wani ya ce gara a yi masa bulala. Garba ya yi tsawa ya gaji. Shi kansa da aka miƙa masa gatari cewa ya yi kafaɗarsa na ciwo. Daga ƙarshe wani mai kaifin baki ya ce ai akwai wanda ya daɗe yana kwana ƙarƙashinsu, yana ɗaura musu duwatsu, ba abin da ya same shi. In akwai wanda suka saba da shi, Arzika ne. In ya sara, lafiya. In ya ce ba su yarda ba, to ba mahalukin da zai taɓa su, ko hakimi da kansa ba zai matsa ba.

Kun ga ke nan magana ta dawo hannunsa. Kalma ɗaya kawai.

Muka same shi da hantsi, ni da Saude da Inno, yana gyara tsintsiya. Na zayyana masa komai kamar mai koya wa yaro magana. Na ce ba sai ya yi faɗa da kowa ba, ba sai ya ɗaga murya ba. In Garba ya dawo, ya sunkuyar da kai ya ce masu wurin ba su yarda ba. Saude ta nuna masa ƙafafunta da suka kumbura. Inno ta yi masa alkawarin man shanu har ƙarshen damina.

Ya yi ta murza igiyar tsintsiya, bai dube mu ba. Can ya ce, “Kulu, Garba ya ce za a naɗa ni.”

Na ce a naɗa shi me.

“Sarkin Loko. Da riga da rawani. A ƙofar hakimi, gaban mutane.”

Na ce masa loko da ba mai sauka, sarautar me ke nan, sarautar ƙadangaru? Na ce ya shafa tsakar kansa ya ji in ya manta abin da ya cinye gashin.

“Ban manta ba,” in ji shi. “Ke tun da aka haife ki ana kiran ki ɗiyar wane. Ni tun da na buɗe ido, kai bawa, kai wannan. Sau ɗaya dai in ji an kira ni wani abu kafin in mutu.”

Na ji maganar, ba zan ce ban ji ta ba. Amma na ce masa mu da ke kiran sa Baba Arzika shekara da shekaru, ashe mu ba mutane ba ne. Ya ci gaba da murza igiyarsa.

Ranar kasuwa ta zagayo, na taso da gero. Tun daga nesa na ji sara. Da na iso na tarar da Arzika a bisa, shi kaɗai, maza na tsaye nesa suna kallo da bakinsu a buɗe, Garba na zaune a inuwa yana cin goro yana nuna masa da sanda, wancan ma, wancan ma. Reshen nawa yana ƙasa an riga an datse shi, wurin da kayanmu suka goge ya yi sumul yana ƙyalli. Ban tsaya ba. Ina zan tsaya, wa zai sauke ni? Na wuce da kayana har Gusau, ranar kuwa ko juya wuya ban iya ba da na koma gida.

An naɗa shi. Na ga rigar. Tsohuwar rigar Garba ce, hammatar ta yi rawaya, wuyan ya yi baƙi da dauɗa, tana warin fitsarin doki. Rawanin kuwa ko likkafanin jinjiri ba zai yi ba. Amma ku zo ku ga Arzika a ciki, yana tafiya a hankali kada iska ta taɓa shi.

Bature ya zo, aka shimfiɗa masa teburi, ya ci abincinsa, karensa ya yi barci a inuwa. Ya ce wurin ya yi kyau, a bar shi haka. Wannan “a bar shi haka” ita ta ƙarasa mu, don Garba ya mai da ita doka: ba mai shigar da kaya cikin fararen duwatsu, ba jaki, ba tallan nono, ba kitso. Baturen kuwa sai a shekara ba a ga ƙeyarsa ba. Arzika ya wuni yana sharar filin da ba mai takawa, in tsamiya ta zubo ya bi ta da tsintsiya, in mace ta matso ya ɗaga mata hannu. Wajen duwatsun kuma, da yake ba huruminsa ba ne yanzu, ƙarangiya ta dawo, masu tsuguno suka dawo abinsu har bakin hanya. Ciki fes, waje sai ƙudaje. Saude ta gwada sauke tukwanenta ita kaɗai a bakin kwari, suka tarwatse, daga nan ba ta ƙara zuwa Gusau ba. Inno ta koma kai nononta Bungudu. Gero da furar da ake ajiye masa suka ɗauke ƙaf, sarauta kuwa ba a ba shi ita da hatsi ba. Ya rame har rigar ta koma kamar an rataye ta a kan kara.

Ni shekaru na yi ina wucewa ta gabansa ban ce masa ci kanka ba. Ya yi gaisuwa, in tofar da yawu.

Wata rana da bazara, rana kamar ta fasa kai, na taso da auduga, ga tsufa ya fara kama ni. Sai na ga abu a wajen duwatsun, cikin ƙarangiya da ya ɗan nome: ya kakkafa gwafanni ya gicciya musu sanduna, a tsakiyar rana tsirara, ba ko ganye a kai. Gara har ta fara hawan gindinsu. Yana tsaye gefe da rawaninsa, hannuwansa duk ƙasa.

“Kulu,” ya ce, “wannan na gajeru ne. Daidai kanki na auna.”

Na dubi gwafar, na dubi tsamiyoyin can ciki da inuwarsu ta kwanta a ƙasa ba kowa. Na so in wuce. Wuyana ne bai san fushi ba. Na tura audugar, sandar ta yi ƙara kamar za ta karye, amma ta riƙe. Na zare kaina na tsaya cikin rana ina haki, ƙudaje na bin ƙafata.

Ya tambaye ni ko ta yi.

Na ce ya kawo mini ruwa, in sarautar tasa ta kai ta mallaki moɗa.