Kujerar da Aka Kama wa Kwanon Fate

Ƙanwata tana Sabon Gari a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ba abin da ke wuce mata maƙogwaro da daɗi sai faten tsakin hannuna. Ba yabon kai ba, duk Limancin Kona an san ni da fate.

Motar ma'aikatan kamfanin da marigayi maigidana ya yi wa gadi ita ke kai mini faten. Ƙarfe bakwai take tsayawa a Ƙofar Galadima. Direban dattijo ne, ya san mu tun maigida na raye.

"Iya, yau ma haɗiyar yawu za ki sa mu har Sabon Gari?" in ji shi.

"Tuƙa a hankali dai. In ya zube, kai za ka dafa wani."

Sai ya tura kwanon ƙarƙashin kujerarsa. Gidan ƙanwata a kan hanyarsu yake. Ya danna hon, surukarta ta fito ta karɓa.

To, sai aka ce kamfanoni sun haɗe motocinsu wuri guda, na kowa da kowa, mai so ya kira ta waya. Dattijon nan aka sallame shi. Ni ko a jikina, na ce ai direba direba ne.

Na fito da kwanona. Wata ƙaramar bas ta tsaya, na gaida direban har da tambayar iyali, kamar yadda ake yi kafin a ba mutum saƙo.

"Hajiya, sunanki bai fito a waya ba."

"Ba ni zan hau ba, ɗan nan. Kwanon ne."

"Ni kaina ban san inda zan bi ba sai waya ta nuna mini."

Wata malamar asibiti da ke cikin motar ta leƙo tana dariya. "Iya, sai dai ki kama wa kwanon kujera!"

Ban ɗauke shi wasa ba. Washegari na sa matar maƙwabcina ta kama kujera ɗaya ta wayarta. Mota ta zo, wani direban ne daban. Na ɗora kwanon a kujera, na gyara masa zama.

"Ina mai hawan?"

"Ga shi nan."

"Hajiya, ba ma ɗaukar kaya ba mai shi. Ko ki hau, ko ki sauke."

Mutane na kallo, fate na hucewa. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, na roƙe shi. Ya girgiza kai. Na kama ƙofa na hau da silifas ɗin wanka a ƙafata, kwano a cinya.

Yanzu sau biyu a mako nake iya zuwa, gwiwa ba ta yarda da fiye da haka. Sauran ranakun, in ji surukarta, duk abincin da aka ba ƙanwata cokali biyu take yi ta juya wa bango fuska. Awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa.

Jiya da zan taso ta riƙe mini gefen zane da hannunta mai lafiya.

"Yaya, gobe fa?"

Na ce mata sai dai Alhamis.