Ciwon da Inna ta kira na baya

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kuma a gidanmu na Argungu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Wancan" take ce mini. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, idan kuma tana da magana sai ta bi da ita ta bakin wani.

Tun ina yaro na san ta da dafe ƙugu. Sana'arta turara shinkafa, ita ke ɗora tukunya, ita ke saukewa, ita ke jan ruwa. Idan an tambaye ta sai ta ce baya ne. Da na girma na yi ta rubuta mata addu'o'i a allo ana wankewa tana sha, ina sayo man shafawa na ciwon baya. Tana karɓa, ta aiko a ce Allah ya yi albarka.

Da abin ya kai tana sallah a zaune, sai na ɗauke ta zuwa asibiti a Birnin Kebbi, tare da Gwaggo, ƙanwar babana. Na shiga ɗakin likita da su, ina ganin ai ni ne mai bayani. Likitar mace ce. Ta tambayi inda ke ciwo, Inna ta ce baya. Ta tambayi ko tana jin nauyi a mara, ko fitsari na kufce mata, Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Da aka zo kan yaushe ya fara, sai ta miƙe ta ce ta ji sauƙi, a tafi gida.

Gwaggo ta ja ni waje.

"Kai malam, duk karatun naka, mi kaka so ta ce gabanka?"

Na ce ai ciwon baya ba abin kunya ba ne. Ta dube ni ta ce ba baya ba ne, mara ce, kuma tun ranar da aka haife ni. Wai na daɗe a hanya, naƙudar ta yi tsawo, daga nan Inna ba ta sake komawa daidai ba. Matan gidan duk sun sani.

Na zauna a benci. Na san haihuwa ba laifin jariri ba ce, Allah ke tsara ta. Amma sanin bai hana ni jin nauyi ba. Ina tuna yadda nake cin tuwon shinkafarta ina neman ƙari, ita kuwa tana tsaye dafe da bango.

Gwaggo ta koma ta lallashi Inna ta tsaya a duba ta. Sun daɗe a ciki. Gwaggo ce ta fito da bayani: mahaifa ce ta sauko, saboda wahalar haihuwa da kuma ɗaukar kaya masu nauyi. An saka mata wani zobe na roba da zai tallafe ta, an hana ta ɗaga tukunya, an ce ta yawaita ruwa da ganye don kada ta riƙa yunƙuri a bayan gida, kuma ta riƙa dawowa ana dubawa. Idan bai yi ba, sai aiki.

A mota muna hanyar komawa, mun wuce fadamun shinkafa, Inna ta juya wajen Gwaggo.

"Ki ce ma wancan, tukunya ce. Kar shi sa wani abu a rai."

Ina zaune a gabanta, na ji da kunnena, amma Gwaggo ta maimaita mini kamar yadda aka aike ta. Na ce a gaya mata na ji.

Yanzu tana sallarta a tsaye, alhamdulillahi. Ranar komawa asibiti matata ce ke shiga da ita. Ni nakan ajiye su a bakin ƙofa, in tafi can nesa gindin wata bishiya in jira, inda ko ta leƙo ba za ta gan ni ba.