Tirelar Gado

Duk wanda ya taɓa yankan riɗi a gonakin Simsim ya san Gado, in bai san fuskarsa ba ya san tirelarsa. Kakansa ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Gadarif, ya ce bari ya yi damina ɗaya ya tara na jirgin ruwa. Daminar nan ce har yau jikokinsa ba su gama ba. Gado ya buɗi ido ya ga ubansa yana noma ƙasar wani, shi ma yana ɗan shekara goma sha biyu aka miƙa masa lauje. Ya yi yanka, ya yi dakon buhu, da aka gane hannunsa na da daɗi a tukunya sai ya koma yi wa jongo girki, wato 'yan ƙwadagon da ke cika gonakin da damina su watse bayan kaka. Shekara hamsin yana cikin dawa da riɗi, amma ko taku ɗaya na ƙasar nan ba a taɓa cewa nasa ba ne.

Abin da ya mallaka a duniya tirela ce. Gangar jikin wata motar kaya da ta ƙone a hanyar Gallabat ya saya a kuɗin ƙarfe, ya shafe shekara uku yana bin masu walda a kasuwar Gadarif, yau taya, wata mai zuwa kwano, har ta zama ɗaki a kan ƙafa huɗu. Gadajen kwana biyu ne a ciki, da taga, da gurbin gangar ruwa. Masu manyan gonaki ke ɗaukar hayarta, tarakta ta ja ta zuwa daji direbobi su zauna ciki lokacin shuka, don baƙar lakar Gadarif in ta sha ruwa ko jaki ba ya fita. Duk inda ta je Gado na biye da ita da tukwanensa. Ƙofarta kuwa tana da hali irin na maƙerinta: sai ka ɗaga ta kaɗan da gwiwa kafin ka tura, in ba haka ba ta cije.

Bayan tirela sai siniya, babban farantin da ake jera abinci a kai. Alfaharin Gado ke nan, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Yakan ce tun da ya fara hura wuta a Simsim babu baƙon da ya zauna gaban siniyarsa ya tashi bai ci ba, ko da busasshen kifi ne da tuwon dawa. Matarsa Ummusalama takan ce masa wannan alfahari wata rana sai ya ci shi, shi kuma ya yi dariya ya ce aƙalla zai ci ya ƙoshi.

A shekarar da yaƙi ya cika Gadarif da mutanen Hartum da Jazira, gwiwoyin Gado suka fara ba shi labarin shekarunsa. A nan ne wani Babiker ya sa gonarsa ta fadan takwas, wato kusan eka takwas, a kasuwa, kuma ba ta da nisa da gari. Ya ce wa Gado ya ba shi zuwa ruwan farko, in bai kawo kuɗi ba akwai masu jira. Gado ya taka gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo gida bai iya cin abinci ba don murna. Fadan takwas ba komai ba ne a ƙasar da mutum ɗaya ke noma dubu, amma shi ne zai zama na farko a zuriyarsu da zai tsaya a kan ƙasa ya ce tawa. Sai dai kuɗin ba za su fito daga ko'ina ba sai daga tirela.

'Yarsa Iman, malamar makaranta, ita ta ɗauki hoton tirelar ta sa a zauren waya na manoma. Ita ce mai asusun banki a gidan, don tun da yaƙi ya zo takardar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma turawa ta waya. Kafin ya koma Simsim inda tirelar ke ajiye, ta zaunar da shi.

"Baba, in mutum ya tura kuɗi, wayarsa za ta nuna masa ish'ar, shaidar cewa ya tura. Wannan hoto ne kawai, kuma akwai masu ƙera shi kamar yadda kake ƙera ƙofa. Kada ka saki tirelar nan sai na ga kuɗin a asusuna da idona, na kira ka da bakina."

"To in babu shabaka fa? Kin san dajin nan waya ba ta kamawa."

"Sai ya jira. Mai saye na gaskiya ba ya gudun kwana ɗaya."

Ummusalama ta ɗago daga tankaɗe ta ce, "Ka dai ji, Baban Iman. Ba a cinikin biri a sama."

Ya ce ya ji, kuma wallahi ya ji. Abin da zai biyo baya ba rashin ji ba ne, kada wani ya ɗora masa wauta a kan abin da ya riga ya same shi.

Mai sayen ya iso ranar wata Laraba da hantsi, a kan taraktar haya. Elsadig ya ce sunansa, mutum ne da bai wuce arba'in ba, jallabiyarsa wankakkiya amma ta sha jiki, muryarsa a ƙasa. Ya gaida Gado da hannu biyu yana ce masa Ammi, wato baffa, ya zagaya tirelar sau ɗaya, bai ƙwanƙwasa taya ba, bai kushe komai ba. Ya ce daga Jazira suka gudo, mahaifiyarsa wata bakwai ke nan tana kwana a farfajiyar wata makaranta, ga damina tafe, ga ta da ciwon ƙirji. Ya samu wani ya ba shi aron fili, ɗaki kawai yake nema da zai sa ta a ciki. Gado ya faɗi fam miliyan tara, Elsadig ya taya takwas da rabi don dai a ce an yi ciniki, aka tsaya a tara.

Azahar ta yi, Gado ya sauke tukunya. Akwai jongo biyar da suka zo share gona kafin shuka, suka kewaye siniya da baƙon a tsakiyarsu. Elsadig ya ciro waya, ya karɓi lambar asusun Iman da ke rubuce a takarda, ya ce tasa tana ɗan kamawa in ya tsaya kan tarakta. Ya hau, ya danna abin da zai danna, ya sauko ya miƙa wa Gado. Ga sunan Iman cikakke, ga lambar, ga miliyan tara, ga koren maki a sama. Ɗaya daga cikin jongon da ya iya karatu ya duba ya ce daidai ne.

Gado ya ciro tasa ƙaramar wayar, ko ɗigon shabaka babu. Ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Gobe da safe zan hau motar kasuwa in je inda zan samu 'yata. In ta ce sun shiga, tirela taka ce. Yau ka kwana a ciki, ka ji daɗinta. Bismilla, sa hannu."

Elsadig ya riga ya wanke hannu. Sai ya janye shi a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Ammi Gado, ba zan ci ba."

"Subhanallahi. Me ya yi zafi?"

"Ba zan sa hannu a siniyar mutumin da yake ganina ɓarawo ba. Kuɗina sun fita, ka gani da idonka. Mai taraktar nan zuwa la'asar na ɗauke shi, ba ni da na gobe. Amma ba komai, hakkinka ne. Hajiya ta yi wata bakwai a waje, ƙarin kwana ba zai kashe ta ba in Allah ya so. Ku ci abincinku, ni zan koma gefe."

A ƙasar nan kowa ya san wannan. Baƙo in ya janye hannu daga abinci har sai an biya masa buƙata, ya ɗaure mai gida da igiyar da ta fi ta rijiya ƙarfi. Jongon nan biyar su ma suka janye nasu hannuwan, don ba a ci baƙo na kallo. Tuwo na hucewa, miyar kifi ta fara kama fata a sama, kowa ya sunkuyar da kai yana jiran Gado. Shi kuwa maganar Iman na nan a kunnensa tiryan-tiryan. Ya dubi siniyar da shekara talatin ba a taɓa tashi an bar ta ba, ya dubi mutumin da ke zaune hannu a gwiwa idonsa ya kawo ruwa. Ya ji kunya ta rufe shi kamar shi ne ya zo yin sata.

Ya ce, "Halas, shi ke nan. Allah ya sa mata albarka. Ci abinci."

Aka rubuta takardar ciniki a bayan wani kwali, Gado ya dangwala yatsa, jongo biyu suka shaida, aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha. Elsadig ya ci, ya ci sosai, har ya nemi ƙari ya yaba miyar. Abin da ya fi ci wa Gado rai har gobe shi ne abin da shi kansa ya yi bayan nan ba tare da an roƙe shi ba. Ya ɗauko tayar safaya ya jefa a ciki kyauta, ya ƙulle mudu uku na garin dawa da busasshen kifi ya ce a kai wa Hajiya ta sa masa albarka. Ya tsaya yana ɗaga hannu har ƙurar taraktar ta kwanta.

Washegari da ya shiga gida, Iman ta duba asusunta sau uku a gabansa. Babu komai. Suka je banki, ma'aikacin ya duba hoton ish'ar ɗin da Gado ya sa aka ɗauka masa, ya ce lambar turawar nan ba ta taɓa bi ta wurinsu ba. Wayar Elsadig a kashe. A ofishin 'yan sanda wani ya rubuta bayanin cikin gajiya, ya ce a watan nan kaɗai ya rubuta irinsa ya fi goma, da awaki, da buhunan riɗi, da injin ban ruwa. Ya tambayi Gado ko da hannunsa ya dangwala takardar. Gado ya ce da hannunsa.

Iman ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Ummusalama ce ta zauna kusa da shi a tabarma, ta ce, "Kunyar marar kunya asara ce, Baban Iman." Bayan kwana tara ruwan farko ya sauka, Babiker ya aiko a ba shi haƙuri, gonar ta tafi.

Mutanen unguwa sun yi ta magana, kuma maganar mutane ba ta da tsada. Waɗanda suka fi kowa kiransa sakarai su ne waɗanda suka fi kowa sanin hanyar siniyarsa. Da a ce ranar ya bar baƙon ya tashi da yunwa, su ɗin nan ne za su ce tsufa ya mai da Gado marowaci, ya wulaƙanta ɗan gudun hijira saboda abin duniya. Ya ji haushinsu, amma ya fi jin haushin cewa wani ya zauna ya karanci abin da ya fi so a halinsa, ya zo ya kama shi ta nan.

Babu tirela, babu mai neman girkinsa, don da ita ake ɗaukarsa. Da kaka ta yi ya ɗauki lauje ya bi jongo yankan riɗi, yana da shekara sittin da uku. A wata gona ta wajen hanyar Gallabat ya gan ta. An yi mata shuɗin fenti, an sauya taya biyu, amma mutum ba ya ɓatan abin da ya ƙera. Ya tsaya da lauje a hannu yana kallon wani direba na dukan ƙofar da ƙafa don ta buɗe.

Mai gonar, wani matashi mai suna Osama, ba mugu ba ne. Cikin hira ya ce a kasuwa ya saye ta hannun wani dillali, shi ma daga hannun wani ya karɓa, kowace takarda na nan da shaidunta. Gado ya san a ƙarƙashin takardun nan akwai kwali mai ɗauke da yatsansa, don haka ya koma kan yankansa. Sai dai ƙarar dukan nan ta hana shi sakat. Da aka tashi hutun rana ya ari guduma, ya miƙe ƙarfen da suka lanƙwasa, ya ɗiga baƙin mai a mahaɗar, sannan ya kira direban.

"Ba dukanta ake yi ba, ɗana. Ɗaga ta kaɗan da gwiwa, sai ka tura."

Direban ya gwada, ƙofar ta buɗe ba ko ƙara. Osama ya yi mamaki ya ce, "Ammi, ka san irinta ne?"

"Na san wanda ya ƙera ta."

"Gwani ne wallahi. Yana ina yanzu?"

"Yana yankan riɗi."

Osama ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya ce an kawo siniya a ciki, ya shigo su ci, akwai inuwa. Gado ya leƙa ya ga gadon da yakan kwanta, da ƙusar da yakan rataya carbinsa, yanzu makullin tarakta ne a jiki. Ya ce ya gode, ya ƙoshi. Shi ne karo na farko a rayuwarsa da aka kira shi ga abinci ya ƙi.

Ya sa gwiwa ya ɗaga ƙofar, ya rufe musu ita daga waje don kada ƙuda su shiga. Sannan ya ɗauki laujensa ya koma layin da ya bari, don riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, zubewa yake yi.