Ta Zo Aron Zane

Ni ba mai ƙirƙirar labari ba ce. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ban sha dariyar jikoki don in zo in rubuta muku ƙarya ba. Wallahi tallahi a kaina abin nan ya faru, a tashar motar Birnin Gwari, shekarun da hanyar Kaduna ta lalace har ba mai fita sai da rakiyar sojoji. Shinkafa da wake nake sayarwa a rumfata a bakin ƙofar tashar. Motoci kan jeru tun safe, kowane direba na gadin layinsa, don in rakiya ta tashi ba ka ciki, to ko ka kwana ko ka shiga dajin kai kaɗai.

Lokacin garin ya cika da mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Kakangi, duk inuwar da ka duba mutum ne kwance da ƙullin kayansa, har ido ya saba. Da, in aka yi rasuwa kasuwa kan yi tsit. A shekarun nan kuwa sai a ce an kashe mutane a hanya, mai cin abinci ya ce Allah ya jiƙansu da loma a bakinsa, ya miƙo kwano a ƙara masa yaji.

Ran nan bayan azahar ina kwashe shinkafa sai ga wata mata tsaye a gabana, siririya, ƙafa duk faso, Hausarta irin ta mutanen ƙauyukanmu masu wani yare ban da Hausa. Ta ce, "Yaya, ara mini zane."

Na ce, "Ikon Allah! Mutane na roƙon abinci, ke zane? Na jikinki fa?"

Ta ce, "Ya zame. Maza na ta wucewa, kunya nake ji."

Na dube ta, zanenta ɗaure tsaf. Amma mace ba ta hana mace zane, haka muka taso, sai na ciro wanda nake salla da shi, shuɗi mai ƙunar garwashi a gefe, na ba ta. Ta karɓa hannu biyu ta nufi bayan motocin masara, kuma ku ji, ƙudajen da suka addabe ni tun safe kaf suka tashi suka bi ta.

La'asar ta yi ba ta dawo ba, na tashi da masifata in karɓo abina. Ina zagayawa bayan motocin na tarar da maza a kan benci suna shan rake, ga ta nan kwance a ƙasa dab da ƙafafunsu, zanenta ya zame har gwiwa, ido a buɗe, nawa zanen a ninke cikin hannunta. Na taɓa ƙafarta. Innalillahi! Ni na wanke gawar uwata da ta ƙanwata, na san sanyin nan, na san kuma jiki ba ya sandarewa haka tsakanin azahar da la'asar.

Na ce wa direban da ke kusa, "Malam, tun yaushe take nan?"

Ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Tun hantsi, Hajiya. Asibitin Kaduna za a kai ta, ta cika a cikin mota. Wanda ya kawo ta ya ce bari ya nemo dangi, shiru kake ji."

"Kuna kallonta a buɗe?"

"Mace ce, mu taɓa ta? Wa ma ya sani ko ta masallaci ce ko ta coci? Ka taɓa a ce kai ne shaida, rakiya ta tafi ta bar ka."

Na ce ɗazun nan ta zo rumfata da ƙafarta. Suka yi dariya, wai rana ce ta buge ni. Na ce, "Allah wadaran gemunku, dukanku mace ta haife ku!"

Da ƙyar na ɓamɓare zanen daga yatsunta. Na rufe mata ido, na gyara nata, na lulluɓe ta da nawa. Ban gama ba aka busa hon, rakiya ta iso, kowa ya ruga, wani har tsallake ƙafafunta ya yi da buhunsa. Tashar ta watse, daga ni sai ita. Dab da magariba wasu 'yan agaji suka ɗauke ta. Ban san sunanta ba, ban san inda aka kai ta ba.

Abin da ke hana ni sukuni har yau: ta iya tasowa ta tako har rumfata, amma ba ta iya rufe kanta ba, sai da ta jira hannun mai rai, a tashar da ke cike da hannuwa. Na tambayi malaminmu, ya ce Allah ne masani.

Ku 'yan'uwa, in kun ga mutum kwance a gefen hanya ku tsaya ku taɓa ƙafarsa. Ba na zaton kowace gawa ce ake ba ikon tashi ta yi roƙo, kuma ban ga alamar ni ko ku za a ba mu ba.