Gawar Baba a Bayan A-kori-kura

Mahaifina ya rasu a asibiti a Gusau cikin damina, lokacin gero ya fara fitar da kai. Tun yana iya magana ya faɗa mana inda za a kwantar da shi: ƙauyenmu na ƙasar Bungudu, kusa da Inna. Can aka haife shi. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Zuru neman gona, ya zauna. Gidajen Kirista kaɗan ne a ƙauyen, amma muna da ɗan fili a bayan rafi inda muke binne namu.

Ni ce babba, ni na zauna gaban a-kori-kurar da faston cocinmu na Sabon Gari ya samo mana. Ƙanena da faston suna baya, riƙe da akwatin.

Na daɗe ban je gida ba saboda 'yan bindiga. Da muka ƙetare rafin sai na ce direba ya ɓata hanya. Ashe bai ɓata ba. An zagaye filin da bulo, an zuba harsashin gini, an sare tsamiyar da muke zama ƙarƙashinta. Gicciyen ƙarfen da Baba ya sa maƙeri ya yi wa kabarin Inna na gan shi a gefe, magina sun kafa shi sun ɗaura masa igiyar awo.

Mai gadi ya ce hukuma ce za ta gina ɗakin ajiyar taki. Muka nufi ofishin da ya kwatanta mana. Jami'in da muka samu yana cin gasasshiyar masara, bai ce mu zauna ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gawar mahaifina na cikin mota."

Ya ce, "Wanga wuri na hukuma na. Ku da kuka zo baƙunta, wa ya ba ku shi?"

Fasto ya ce cikin ladabi, "Alhaji, nan aka haifi mamacin, nan ya tsufa."

"Ba mutanen Zuru ba ne? To hanya a buɗe take."

Na tambaye shi waɗanda ke kwance a ƙarƙashin ginin fa, har da mahaifiyata. Ya juya masarar ya nemi inda bai ciza ba, ya ce, "Ai ba su kawo ƙara ba." Wasu da ke zaune kan benci suka yi dariya. Ƙanena ya yunƙura, fasto ya danne masa kafaɗa.

Muna fitowa muka tarar da wani tsoho tsugune jikin motar, ya dafa akwatin. Musulmi ne, maƙwabcin gonar Baba, tare suka yi gayya tun suna samari. Ya ce, "Ɗiyata, ku taho. Gefen gonata ya ishe shi."

Shi da kansa ya kawo diga da shebur. Rami ya kai gwiwa sai ga ɗan aiken mai gari, ya ja tsohon gefe suka yi ƙus-ƙus. Da ya dawo bai iya kallona ba.

Ya ce, "Ki yahe mani. An ce in abokina ya kwanta nan, ran da na mutu babu mai yi mani sallah."

Ya karɓi shebur daga hannun ƙanena, ya shiga mayar da ƙasar yana hawaye. Muna tsaye har ya cike ramin, ya tattake.

Fasto ya kira wani fasto a Tsafe. Wancan ya ce su ma nasu filin ya cika, kuma an hana su ƙara ko taku ɗaya. Rana ta buɗe bayan hadari, ƙuda suka fara bin akwatin. Direba ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya ce shi fa a kai gawa aka ce masa, ba a yi yawo da ita ba.

Muka koma Gusau, makabartar Kirista da ke bayan gari. Ruwa ya kwanta a wurin. Masu haƙa suna kwashe shi da roba yana dawowa, can diga ta bugi katakon wani da ba mu san ko wane ne ba. Suka dube ni. Na ce su sa Baba haka. Matan zumuntar cocinmu suka ɗauko waƙa. Ina jin ƙarar ruwa yana shiga akwatin.

Ba mu gama karɓar gaisuwa ba aka aiko mana daga ƙauye cewa an raba gonar Baba, da geron da ke tsaye cikinta, wai ba ta da mai ita. Ƙanena ya sa takalmi zai fita. Na riƙe masa riga da hannu biyu, na ce ya zauna, gawa ɗaya ta ishe ni yawo da ita.