Sunan da Hajiya Habsu Ta Ƙi Faɗa

Har yau ban mance da ranar da Hajiya Habsu ta shigo bironmu ba, wata Talata cikin Nuwamba, lemarta na ɗigar ruwa a kan takarduna. Lokacin na yi shekara goma sha tara ina sayar da tikiti a unguwar La Goutte d'Or, a Paris. Ku da kuka zo daga baya kun tarar muna sayar da tafiyar jirgin ruwa kamar abin da aka saba, amma a lokacin sabon abu ne a wurinmu. Aikinmu Umara ne da tikitin zuwa gida. Shef ɗinmu, wato shugaban biron, Malam Laminu ne ya jajibo harkar jirgin ruwan, ya kuma ɗora mini, wai ni ce mai haƙuri da tsofaffi. Allah ya sani ba haƙuri gare ni ba, baki ne kawai.

Manyan jiragen nan ne na shaƙatawa, waɗanda Faransawa ke ce wa croisière. A ba ka ɗaki, a ciyar da kai, a zaga da kai gari-gari a dawo da kai. Yawancin mutane sati ɗaya ko biyu suke yi su sauka. Hajiya ta zauna, ta gaishe ni gaisuwar Damagaram har da tambayar gajiyar shekaranjiya, sannan ta ce ita zama za ta yi.

Na ce, “Inna, zama kamar yaya?”

Ta ce, “Kamar yadda ake zama a gida, ɗiyata.”

Daga Lyon ta taso takanas, don an gaya mata akwai Bahaushiya a bironmu. Mijinta ya yi aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon, har ya yi ritaya, ya rasu. Ita kuma shekara talatin tana dafa abinci a kantin makaranta, wurin cin abincin ɗalibai. Gidansu a hawa na huɗu yake, babu asansar, na'urar hawa bene, gwiwoyi sun ƙi. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta taɓa janta tafiyar sati ɗaya, tun daga nan hankalinta ya zauna a can. Ta ce a jirgi kowa na gaishe ka da safe, ga likita kusa, ga kifi kullum, kuma a karon farko a rayuwarta wani ne ke dafawa ita tana ci. Ta sayar da gidan, ga fanshonta ga na marigayi. Ban ga abin da zan hana ba.

Yadda ake yi, jirgin na tashi daga Marseille, ya zaga ya dawo bayan kwana goma sha ɗaya, wasu su sauka wasu su hau. Mai son zama sai a jera masa tafiye-tafiyen a jere, a riƙe masa ɗaki ɗaya. Na yi mata na wata shida. Sai muka zo kan takardar bayanai, inda ake rubuta wanda za a kira idan wani abu ya faru.

Na ce, “Inna, wa za a kira?”

Ta ce, “Akwai wani can Lyon.”

“Sunansa?”

Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Na sake tambaya. Shiru. Ga mutum biyar a layi, ga talho na ta ƙara. Na ɗauka wani maƙwabci ne da sunansa ya kwanta mata. Na ce, “To ba ni wani wanda kika tuna.” Ta ce Mariyama, ɗiyarta, ta ba ni lamba. Na rubuta, na buga hatimi, na sallame ta ina jin na yi aiki.

Wata biyar lafiya lau. Duk ranar da jirgi ya tsaya Marseille sai ta kira ni ta ba ni labari. Ta koya wa masu dafa abinci yadda ake yajin ƙuli. Ta sami wata kusurwa a bene na sama inda take lazimi da hantsi, har ma'aikata sun san ba a ajiye kujera a wurin. Ni kaina na fara jiran kiran nan.

Sai wata Laraba da safe aka kira daga jirgin. Hajiya ta yanke jiki ta faɗi a wurin cin abinci, hawan jini ne. Ta farfaɗo, amma likitan jirgi ya kafa sharaɗi: ranar Juma'a in sun iso Marseille, dole wani nata ya zo ya karɓe ta, ya kai ta asibiti a duba, ya sa hannu cewa shi ne mai kula da ita. In babu, za su sauke ta da kayanta, kuma ba za su sake ɗaukarta ba. Matar da ba ta da gida a tudu. Sun kira Mariyama ya fi sau goma, ashe ta tafi biki wani ƙauye bayan Damagaram inda waya ba ta shiga.

Malam Laminu ya ce, “Ramatu, ba ta da kowa a ƙasar nan?”

Ina buɗe baki in ce babu, sai maganar nan ta dawo mini: akwai wani can Lyon. Da sunkuyar da kan, da gyaran mayafin. Wace Bahaushiya ce ta zamanin su Hajiya za ta kama sunan ɗanta na fari? Ni da nake ƴar fari, wadda uwata har ta koma ga Allah “waccan” take ce mini, ni ce na zauna ina tsare tsohuwa da tambaya kamar ɗan sanda. Zaman Paris ya ci ni, ban sani ba.

Na kira wata ƙawata a ƙungiyar matanmu ta Lyon. Kafin azahar ta samo mini lamba. Sunansa Isufu, shugaban ma'aikata ne a wata masana'anta a Saint-Fons. Na kira na yi masa bayani. Ya tambayi jikinta sau biyu. Sannan ya ce, “Sunan wa ta rubuta?”

Na gaya masa.

Ya ce, “To ku kira wadda aka rubuta, Madam.” Ya kashe.

Raina ya ɓaci, na ce wannan wane irin ɗa ne. Amma da na huce na ga ba maganar talho ba ce. Washegari na hau jirgin ƙasa na farko zuwa Lyon, na tsaya a ƙofar masana'antar har aka fito hutun rana. Ya fito da rigar aiki, dogon mutum mai furfura a gemu, kamarsu ɗaya da ita har tafiya.

A Lyon aka haife shi, Hausarsa rabi Faransanci ce. Ya ce, “Tanti, shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta kira gidana, wayar matata take kira. Ta sayar da gida, a bakin Mariyama na ji. An ce mini al'ada ce, na yarda. Amma takarda fa? Takarda ma kunya take ji?”

Na ce, “Isufu, takardar nan ni na cika ta, ba ita ba. Da na tambaye ta wa za a kira, kai ta fara faɗa. Ta ce akwai wani can Lyon. Na nemi suna, ta kasa, ni kuma ina sauri na ce ta ba ni wani. Laifin a wuyana yake. In fushi za ka yi, ga ni, da ni za ka yi.”

Ya juya yana kallon motocin da ke wucewa. Ya ce, “Haka ta ce? Wani?”

Na ce, “Haka ta ce, kuma kafin kowa.”

Bai ce zai je ba. Ya dai tambaye ni ƙarfe nawa jirgin ke isowa.

Ranar Juma'a ya karɓe ta, asibiti suka canza mata magani, suka ce ta huta zagaye ɗaya kafin ta koma. A gidansa ta yi hutun. Dole a sabunta takardar kafin ta hau, kuma da na so da na aika ta waya, amma na ce da ƙafata zan kai. Na same ta a falo, jikoki sun kewaye ta, tana ta mitar cewa miyar gidan ba gishiri. Isufu na tsaye bakin ƙofa.

Wannan karon ban tambayi suna ba. Na ce, “Inna, in ba wa mai gidan nan ya cika?”

Ta juya fuska wajen bango. Ta ce, “Wa kuma za ki ba?”

Ya karɓi alƙalami ya rubuta sunansa. Yana zuwa layin lambar waya, kafin ya sa hannu, sai muka ji ta fara karantowa. Fuskarta na bango, tana faɗar lambar bibbiyu da Faransancinta na kantin makaranta, tiryan-tiryan har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Lambarsa ce ta kansa, wadda ba ta taɓa kira ba.

Alƙalamin ya tsaya a hannunsa. Ya fita baranda ya daɗe. Ni ma dai sai da na nemi abin share ido, ba zan ɓoye muku ba. Ita kuwa cewa ta yi, “Ɗiyata, ki ce masa ya dawo ya ƙarasa, kar jirgi ya tafi ya bar ni.”

Shekararta ta uku ke nan a jirgin. Duk tsayuwar da zai yi a Marseille in ta faɗo ƙarshen sati, Isufu na can bakin tasha da kular tuwo.

Abin da nake so ku riƙe, ku matasa, takardun nan ba don mutanenmu aka tsara su ba. In tsohuwa ta zauna gabanku kuka tambaye ta suna ta yi shiru, kada ku ce ta manta, kada kuma ku ce ta ba ku wani. Ku ajiye alƙalami, ku bar talho ya yi ta ƙara, ku tambaye ta ƴaƴanta nawa, ina babban yake. Wanda ta kasa faɗa ɗin nan, shi za ku nema.