Dokta Sa'idu da Ƙashin Mushe

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai ƙanena, Dokta Sa'idu, makwancinsa a Jega. Allah Ya jiƙansa. Ni allo da ajami na yi, shi kuwa boko ya ɗauke shi har ya zama likitan dabbobi mai bincike, ya ƙare rayuwarsa a kan guba guda da masana ke kira botulinum. Ya taɓa faɗa mini cewa wata ƙwayar cuta ce ke haifar da ita a cikin ruɓaɓɓen nama, kuma jijiya take kashewa. Saniya tana kallonka da hankalinta, amma ƙafa ta ƙi ɗaukarta, harshe ya zazzago, ko ruwa ya gagara haɗiya.

Ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, wani rani shanun Arɗo Jaɓɓo suka fara kwanciya haka a bakin fadamar Aliero. Akwai wani manomin albasa, Malam Ɗanjuma, da suka taɓa yin cacar baki da Arɗon kan ɓarna, kuma an gan shi yana feshi kusa da mashaya. Nan take aka ce shi ya zuba wa shanu guba.

Sa'idu ya roƙe ni in raka shi, don ni da Arɗo mun san juna. Bai tsaya a mashaya ba. Ya tambayi inda suke kai mushe, aka nuna masa gefen makiyaya, inda aka saba janye saniyar da ta mutu a bar wa ungulu. Muna isa muka tarar da wata karsana tana gurgurar ƙashin haƙarƙari. Ya yi musu bayani cewa da rani ciyawa takan rasa wani sinadari da kanwa ba ta mayarwa, shi ke sa shanu kwaɗayin ƙashi, gubar kuma a jikin ƙashin take. Duk mushen da suka janye can, shi ke kashe na gaba.

Arɗo ya yi dariya marar daɗi. "Likita, tun kakanninmu shanu na tamnar ƙashi. Sai bana ƙashin yaz zama maciji?"

Sa'idu ya ɗebi wani abu daga jikin mushen, ya ce a ba shi lokaci ya kai ɗakin gwaji. Gwajin ya nuna gaskiyarsa: fararen ɓerayen da ya yi wa allurar abin da ya ɗebo sun kwanta yadda shanun suka kwanta, kuma ba a ga ɓurɓushin maganin feshi ba. Amma kafin ya dawo an ƙone rumbunan albasar Ɗanjuma, an karya masa hannu, ya kwashe iyalinsa ya koma Maiyama.

Arɗo ya yarda a riƙa haƙa rami mai zurfi ana binne mushe, mutuwar kuma ta tsaya. Zuwa ba da haƙuri ne ya ƙi. Sa'idu ya tafi Maiyama da kansa ya gaya wa Ɗanjuma an wanke shi.

"Na gode, Likita," in ji shi. "Amma ɓeranka ba shi zuwa kasuwa shi yi man shaida."

Wannan magana ba ta bar ƙanena ba har ya rasu. Ya yaye ɗalibai da yawa, wasunsu yau su ke koyarwa, kuma na ji ana ambaton aikinsa a wuraren da ban taɓa zuwa ba. Amma duk sallar da ya zo gida sai ya tambaye ni ko Ɗanjuma ya koma Aliero. Bai koma ba, a Maiyama aka binne shi. Nakan tambayi kaina me Sa'idu zai ce yau, da ake yanke wa mutum hukunci ta waya kafin likita ya ɗauko jakarsa.

Ranin da ya wuce, a hanyar Jandutsi, na ga wani magidanci yana haƙa rami, mushen bijimi a gefensa. Na tsaya muka gaisa, ashe jikan Arɗo ne. Na tambaye shi dalili, ya ce ƙashin mushe yana kashe shanu, haka suka taso suka gani. Bai san sunan Sa'idu ba, ban kuma damu ba. Na yi wa ƙanena addu'a a zuci, na ce aikinsa bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai mutumin ya jingina da shebur, ya share gumi.

"Amma waɗanda sunka mutu zamanin kaka, Malam, wani mai albasa na yas sa musu guba."